Karkarwar A-kori-kura

Na sayi a-kori-kurata a shekarun nan da kuɗin mai suka shigo ƙasa, lokacin da kowa a Katsina ya tashi sai ya rushe soron ubanshi ya gina na siminti. Ni kuwa na ajiye aikin akawu, na buɗe ɗan shago a Ƙofar Kaura ina saida kayan gini: ƙusa, fenti, makullai, da gilashin taga irin mai falle-falle ɗin nan da ake jerawa. Gilashin nan shi ne abincina. Duk wanda ya yi sabon ɗaki sai ya sa shi, ko da tagar bangon maƙwabci take kallo. Kano nake zuwa in ɗauko sau biyu a mako. In shimfiɗa buhuna da ciyawa a bayan mota, in jera akwatunan a kai, in taho a hankali.

Motar fara ce. Ba sabuwa fil na saye ta ba, amma ba ta da ciwo ko ɗaya. In ta hau kwalta sai ka ajiye kofin shayi a gabanka bai zube ba.

Mu biyu ne maza a ɗakinmu, ni da Yaya. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Shi ya riƙe gidanmu na Gobarau bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni makaranta, shi ya nema mani aure. Sana'arshi hatsi, yana kuma da gona a hanyar Batsari. Mutum ne mai kirki, amma tunda nake ban taɓa jin an kawo wata magana a gabanshi ya ce bai sani ba. Ya koyi tuƙi da girmanshi a motar wani abokinshi, daga ranar kuma ya zama masanin mota.

Ana tsakiyar damina sai tafiya ta kama ni zuwa Kaduna, ta kwana huɗu. Na bi motar haya, na bar tawa a ƙofar gida, na ba Yaya makulli don ya riƙa tada injin da safe kada batir ya kwanta. Da na dawo na iske ta inda na bar ta, an wanke ta tas har tayoyi. Na ji daɗi, na yi mashi godiya. Ya ce ba komai, ai yi wa kai ne.

Washegari na kama hanyar Kano. Cikin gari lafiya lau. Ina fita, allurar gudu ta kai sittin, sai na ji wani abu ya fara a ƙarƙashina. Ba tsalle ba ne, wata karkarwa ce mai sauri, kamar mutum ya zauna a kan injin niƙa. Kujera ta ɗauka, ƙasan motar ya ɗauka, madubin da ke gabana ya dushe har ban iya gane abin da ke bayana. Na sassauta, ta lafa. Na ƙara, ta dawo. Haka na je Kano haƙorana na haɗuwa. A dawowa kuwa da kaya, duk lallaɓawar da na yi, da na buɗe akwatunan a shago na iske gilashi da yawa sun tsage daga gefe, wasu sun koma gari.

Da la'asar na samu Yaya a zaure yana auna gero. Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, da ba ni nan, ko an fita da motar nan?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ina za a kai ta, Auta?"

Na ce, "Karkarwa take yi."

Ya ce, "Taya ce. Tun kafin ka tafi na lura tayarka ta gaba ta ci gefe guda. Gobe mu je wurin mai faci."

Ban sake tambaya ba. A gidanmu ba a yi wa Yaya tambaya ɗaya sau biyu.

Mai facin ya ciccire tayoyin, ya jujjuya su, ya ce biyu sun yi ƙwai, ba su da gyara. Yaya ya dube ni ya ce, "Mi na ce maka?" Aka sa sababbi. Muka fita gwaji, shi a gefena ya harɗe hannu. Muna kai sittin ta fara. Na dube shi. Ya ce, "Ai ta ragu." Wallahi ba ta ragu ba ko kaɗan. Hular kanshi ma rawa take yi yana maganar.

Daga nan muka shiga yawon gareji. A lokacin garejoji sun cika Katsina kamar me, don motoci sun yi yawa fiye da masu gyaransu. Wanda jiya yake gyaran keke, yau ya kafa rumfa ya rataya tsohuwar salansa ya zama bakanike. Kuma kowa gaggawa yake yi, ga layin motocin sababbin masu kuɗi na jira. Ba wanda zai tsaya ya saurari ciwon mota. Kana faɗin "karkarwa" kafin ka rufe baki ya ce, "A sake kaza."

Na farko ya danna bayan motar da hannu sau biyu ya ce shokozoba ce, ƙarafan nan da ke shanye tsallen mota. Aka sake su duka huɗu. Karkarwa na nan. Na biyu ya ce robobin da injin ke zaune a kai ne suka saki. Aka ɗaga inji aka sake su. Tana nan. Na uku ya ce fulogi ne ba ya ba da wuta daidai, ya sake, ya wanke kafireta, ya ƙara da cewa man da nake sha akwai ruwa. Na huɗu bai ko taɓa motar ba, ya ce irin waɗannan motocin haka suke in sun ga damina, in yi haƙuri da rani za ta daina.

Duk inda za ni Yaya na biye da ni. Ya bar rumfar hatsinshi, abin da ko rashin lafiya ba ta sa shi yi. Ni a wautata har tausayinshi nake ji, ina cewa dubi yadda bawan Allah ya ɗauki damuwata ta zama tashi. Da mun isa gareji shi ke fara fita, shi ke buɗe gaban mota, shi ke yin bayani. "Daga nan gaba abin yake," in ji shi, yana nuna inji. "Ni na ji da kunnena." In na ce, "Yaya, ni fa a ƙarƙashin kujera nake jin ta," sai ya ce, "Kai da kake riƙe da sitiyari ina za ka tantance? Ni da ke zaune ba abin da nake yi ai ni zan fi ji." Bakanike kuwa ya dubi mai furfura ya dubi ni, ya bi maganar mai furfura.

Akwai ranar da wani daga cikinsu ya ɗauko tabarma zai shiga ƙarƙashin motar. Yaya ya ce, "Haba malam, kada ka ɓata rigarka a banza, jiya-jiyan nan aka diba nan." Ba wanda ya diba. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mani hannu, na haƙura.

Wata biyu muna wannan. Na koma tafiya Kano a kan arba'in, tafiyar da nake yi in dawo kafin azahar ta koma sai bayan la'asar. Manyan motoci na bi na da ham, direbobinsu na leƙowa suna tambayata ko gawa na ɗauko. Masu gini suka fara zuwa shago suna komawa, wasu suka koma saye wurin wani. Kafaɗuna suka riƙe, ƙafata ta dama ta riƙa yin sanyi. Matata ta ce ko ina zaune ina cin tuwo sai ta ga gwiwata na rawa. Mutanen unguwa kuma kowa da tashi fatawar. Wani ya ce in loda buhunan yashi a baya. Wani ya ce in rage iskar taya. Wani maƙwabcinmu ya ja ni gefe ya ce ba ciwon ƙarfe ba ne, baki ne, motar ta yi farin jini da yawa. Har na kai ga tunanin saida ta, amma wa zai saya in ya hau ya ji?

Wani direban babbar mota da nake saida wa fenti shi ya ce mani, "Ka je bayan Ƙofar Kwaya, akwai wani tsoho da ya yi aiki a garejin gwamnati tun zamanin Turawa. Ba ya da fara'a, ba ya kuma sauri. Amma ka je."

Da na gaya wa Yaya sai ya ɓata fuska. Ya ce, "Wannan tsohon? Ai ba ya gani sosai. Motocin da ya sani duk sun mutu." Na ce zan dai gwada. Ya ce gobe yana da aiki. Na ce ba komai, ni kaɗai ma na je. Da safe ina fitowa na iske shi tsaye jikin mota yana jira na.

Garejin tsohon ba gareji ba ne a ido. Bishiyar bedi ce, da benci, da akwatin ƙarfe, da wani rami da aka gina da bulo. Shi kaɗai ne, gajere, siriri, da tabarau ɗaure da zare. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, ya gane mahaifinmu ya yi mashi addu'a. Sannan ya ce, "Wa ke tuƙa ta?"

Na ce ni ne.

Yaya ya fara, "Wato Baba, daga inji abin yake, don ni na..."

Tsohon ya ce, "Malam, mai tuƙi nake tambaya."

Tun da aka haife ni ban taɓa ganin an katse Yaya ba. Ya haɗiye maganar, ya gyara hula.

Tsohon ya yi mani tambayoyin da duk wata biyun nan ba wanda ya yi mani. Yaushe ta fara? A wane gudu? Sitiyari na kaɗawa a hannuna ko kuwa? Na ce sitiyari lafiya lau. In na taka birki tana ƙaruwa? Na ce a'a. In na sa giya zan tashi, ina jin wani ƙwas daga ƙasa? Na yi tunani na ce, kwanan nan kam ina ji. Ya gyaɗa kai. Ya sa na tada motar tana tsaye, ya ce in taka totur sosai. Inji ya yi ƙara, mota ko motsi. Ya ce, "To, mu hau."

Muka matsu mu uku a gaba, tsohon a tsakiya. Ya tuɓe takalmi ya ɗora tafin ƙafarshi a ƙasan motar. Muka fita bayan gari. Muna kai sittin ta fara halinta. Ya ce in ƙara kaɗan, na ƙara. Sai ya ce, "Cire giya, ka ɗaga ƙafa daga totur, bar ta ta gangara da kanta." Na yi haka. Ƙarar inji ta faɗi, amma karkarwar na nan yadda take.

Ya ce, "Ka ji? Inji ya huta, ita ba ta huta ba. Wanda duk ya taɓa maka inji ya ɓata maka lokaci."

Yaya ya ce, "To ai dama taya..."

"Ba taya ba ce. Ta taya tsalle take, ɗaya-ɗaya, kana iya ƙirgawa. Wannan kuwa ta fi ta sauri nesa. Abin da ke yin ta yana juyawa kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya. Juya mu koma, ɗana."

A hanya ya yi mani bayani. Akwai wani dogon bututun ƙarfe a ƙarƙashin mota, wanda ke ɗauko juyi daga giya ya kai wa tayoyin baya. Shi ake ce wa farfela. A kowane bakinshi akwai wata 'yar gaɓa mai ƙafa huɗu da kanikawa ke kira kuros, ita ke ba shi damar lanƙwasawa in mota na hawa da sauka. In bututun ya karkace ko da kaurin ƙwayar gero ne, ko kuros ya ci, to duk motar sai ta sani. Yaya kuwa ya juya fuska waje har muka iso. Yana ta kallon gonakin gefen hanya kamar bai taɓa ganin dawa ba.

Na hau da motar kan ramin, tsohon ya sauka, ya ce in biyo shi. Karo na farko ke nan da na ga cikin motata daga ƙasa. Ya kama farfelar ya murɗa ta dama da hagu, ta yi ƙwas-ƙwas. Ya nuna mani wani jan gari kamar tsatsa da ya fito a gefen kuros na baya. Ya ce, "Wannan ya mutu. Amma ba shi ya fara ba, kashe shi aka yi."

Muka fito, ya ɗaga bayan motar da jak, ya tokare ta da kututture biyu, ya sa duwatsu a tayoyin gaba. Ya ce in shiga in sa giya, in bar tayoyin baya su yi ta juyawa a iska. Shi kuma ya koma ramin da guntun alli a hannu, ya riƙa matso da shi a hankali har ya fara taɓa bututun yana juyawa. Ya buga mani jikin mota, na kashe. Da na sauko ya nuna mani. Allin bai zagaye bututun ba, gefe guda kawai ya shafa.

Ya ce, "Da a miƙe take da layin ya zagaye. Miƙo mani tsumma da kananzir."

Ya goge wurin. Ƙarƙashin baƙin man da aka shafa sai ga ƙarfe ya yi shuɗi-shuɗi irin na abin da aka gasa a wuta, ga sawun guduma rututu. Kusa da nan ga wani ɗan tabo mai kusurwa huɗu. Ya ce nan wani ɗan ƙarfe yake, wanda masu ƙera motar suka liƙa don nauyin bututun ya daidaita, ya fita. Ya kuma nuna mani kunnuwan da ke riƙe da kuros na gaba da na baya. Ya kamata su kalli gefe ɗaya, amma ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon gefe.

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Motar nan ta hau dutse. An kwance farfelar, an kai wa maƙeri ya gasa ya buga, aka maida ta a karkace. Wanda ya yi aikin ya iya gyaran garma, ba shakka. Yaushe ka yi wannan, ɗana?"

Na ce, "Ni? Wallahi Baba ban taɓa..."

Sai na tsaya. Daga cikin ramin ina hango ƙafafun Yaya a bakin bencin, yana ta goga ɗaya da ɗaya. Na tuna wankin da aka yi wa motar har tayoyi. Na tuna bakaniken da aka hana shimfiɗa tabarma. Na fito daga ramin a hankali, hannuna duk baƙin mai.

Na ce, "Yaya."

Ya ce, "Dutsen ba ya nan da. Ruwa ne ya tono shi."

Abin da ya fara faɗi ke nan. Ba salati, ba a yi haƙuri. Wai dutsen ne ya zo inda bai kamata ba. Daga nan labarin ya fito gutsi-gutsi. Taki ya samu, yana son kai wa gona kafin ruwa ya wuce, ga mota a ƙofar gida tana zaune. Ya loda, ya kama hanyar Batsari, ya sauka daga kwalta, ya faɗa wata kwata, cikin motar ya daki dutse. Mutanen ƙauyen suka turo ta, wani direban tarakta ya kwance bututun, maƙerin garin ya miƙar da shi. Da ya taho da ita a hankali bai ji komai ba, ya ɗauka magana ta ƙare.

Na ce, "Yaya, na tambaye ka fa. Na ce ko an fita da ita."

Ya ce, "Mi na ce maka?"

"Ka ce ina za a kai ta."

"To, tambayarka na yi. Ka ba ni amsa? Ni ban ce maka ba a fita da ita ba."

Tayoyi, shokozoba, robobin inji, gilashin da na kwashe da tsintsiya, masu ginin da suka guje ni, duk suka dawo mani a rai. Da wani ne da unguwar nan ta ji mu. Amma wanda ya kai ni makaranta ne a tsaye gabana, ga baƙon dattijo na kallo. Abin da ya fito daga bakina ƙarshe shi ne, "Allah ya kyauta." Yaya ya ce, "Amin," da ƙarfi, kamar wani ne ya yi laifin.

Tsohon ya maida tabarau ya ce, "Malam, da ka faɗa tun ranar, aikin yini ɗaya ne." Yaya ya ce shi ma ya so ya faɗa, ganin yadda na damu ne ya sa bai son ƙara mani damuwa.

Da na koma gida na wuce ɗakin Inna, mahaifiyarmu, na zazzage mata komai. Ta saurara tana tsinkar zogale. Da na gama ta ce, "Ai na sani. Ranar da ya dawo da laka har gwiwa ya shigo." Na ce, "Inna, kin sani kika bar ni ina yawo wata biyu?" Ta ce, "Ya ce zai gaya maka in ya ga fuskarka ta saki. Kai kuma kullum fuskarka a murtuke." Na ce ai motar ce ta murtuke ta. Ta ce, "To yanzu dai ka sani. Yayanka ne, kada in ji ka ɗaga mashi murya." Na fito na zauna a zaure ni kaɗai har aka kira magariba.

Gyaran ma bai zo da sauƙi ba. Tsohon ya ce bututun da aka gasa ba ya komawa daidai, sai dai wani. Sabo kuwa babu a Katsina, masu kayan mota suka ce kayansu na can maƙale a tashar jiragen ruwa ta Ikko, ba ranar zuwa. Sai dai a nemi na motar da ta yi hatsari a Kano. Tsohon ya auna tsawon farfelar da igiya, ya ƙulla a daidai, ya ce a tafi da ita. Yaya ya ce shi zai je, ba ni ba. Na gane wannan ce ban-haƙurin da zan samu, don haka na yarda. Na miƙa mashi igiyar, ya ce in riƙe abata, ai ya ga farfelar da idonshi.

Ya dawo washegari a saman motar haya, da farfela naɗe cikin buhu, yana murmushi. Tsohon ya ɗora igiya a kai. Ta gaza da kusan taƙi guda. Ta wata irin mota ce daban. Yaya ya ce ko za a iya ƙara mata ɗan ƙarfe a wurin mai walda. Tsohon ya dube shi ta saman tabarau har Yaya ya kau da kai.

Kwana biyu bayan haka muka koma Kano ni da Yaya, igiyar na aljihuna. Muka yini cikin tarkacen motoci har muka samu irin tawa da ta kife, gabanta ya ragargaje amma ƙarƙashinta lafiya. Na auna da kaina sau biyu. Yaya na gefe yana gaya wa mai kayan cewa shi dama wannan ya nuna tun farko.

Tsohon ya yini guda a kanta. Ya gangara ta a kan wani faifan ƙarfe ya ga ba ta tsalle. Ya fitar da tsofaffin kuros duka biyu ya sa sababbi, yana jera 'yan alluran da ke cikinsu da giris ɗaya bayan ɗaya, ba ya ko kallonmu. Ya daidaita kunnuwan suka kalli gefe ɗaya, ya yi masu alama da farin fenti don duk wanda zai kwance nan gaba ya san yadda zai maida. Ya ɗaure notocin, ya bi su ya sake ɗaurewa. Muka fita gwaji, ya ce akwai saura kaɗan, ni ban ma ji ba. Muka dawo ya sake gwajin alli, ya ɗaura wa bututun wani ɗan zoben ƙarfe mai noti irin na ɗaure tiyo, ya juya kan notin zuwa gefen da ba shi da nauyi. Sau uku muna fita muna dawowa yana gusa zoben kaɗan-kaɗan. A na ukun allura ta wuce sittin, ta wuce tamanin, ban ji komai ba sai iska. Tsohon ya sa takalminshi ya ce, "Kai ni gida."

Na zaci maganar ta mutu a nan. Bayan kamar wata guda aka yi suna a gidan wani ɗan'uwanmu, maza sun cika rumfa ana jiran abinci. Ina isowa na ji muryar Yaya a tsakiyar mutane. Wani ne ya yi kukan motarshi na girgiza, Yaya kuwa ya gyara zama yana ba shi magani.

"Kada ka bari su taɓa maka inji," in ji shi. "Ka kai ta sittin ka cire giya. In ba ta daina ba, farfela ce. Haka muka sha da motar Auta, wata biyu kanikawan garin nan na wasa da shi, yaro duk ya rame. Sai da na ce a shiga ƙarƙashi a diba. Ga shi nan, ku tambaye shi."

Duk rumfar ta juyo tana kallona. Yaya ma ya juyo, fuskarshi fes, yana jiran in tabbatar.

Na ce, "Farfela ce kam."

Aka yi ta sa mashi albarka, ana cewa kowa ya samu babban wa irin wannan ya gode Allah. Mai girgizar mota ya matso kusa da shi yana tambayar ko gobe zai samu lokaci ya raka shi gareji. Yaya ya ce zai duba, ayyuka sun yi mashi yawa, amma saboda zumunci zai ƙoƙarta. Ni kuwa na nemi buta na ce zan yi alwala, na fita ta ƙofar baya, ko abincin ban tsaya ci ba.